Katin da na kai wa Yaya Nasir Birmingham

Ku huɗun nan kun ishe ni wallahi. Tun da na sa hotunan katunan nan a status ranar Asabar ba ku bar ni na huta ba, Ruky ya Birmingham, Ruky yaushe kika koma 'yar Indiya, Ruky ina tsarabarmu. Ba tsaraba. Zan rubuta sau ɗaya a nan group ɗin ku karanta, kuma don Allah kada wadda ta tura wa wani. Fati, ke nake nufi.

Da farko dai ba don kati na je ba. Yaya Nasir na je nema.

Ku biyu kun san labarin, ku biyu ba ku sani ba, to ga shi a gajarce. Shekara uku da suka wuce yana aji uku a medicine ya bar uni, bai gaya wa kowa ba sai ni. Ya sa na rantse ba zan faɗa ba, na rantse da Allah. Sati biyu ban iya riƙewa ba na gaya wa Mama, Mama ta gaya wa Abba. Abba kuma kun san shi, likita ne, GP, da yake ganin duk wanda ba likita ba bai gama zama mutum ba. A falo, gaban baƙi, ya ce masa in ya fita kada ya sake tako masa gida. Yaya ya ɗauki jakarsa ya fita. Ya canza lamba. Tun daga ranar ban sake jin muryarsa ba.

Gobe Alhamis za a yi wa Mama aikin zuciya. Sati biyu ke nan tana kwance a ward, a asibitin nan na Oxford Road, nan Manchester. Ran Larabar da ta wuce ina shafa mata mai a ƙafa, tana kallon taga, sai ta ce, "Ko yayanki ya sani?" Ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne. Kuma a shekara ukun nan ko sau ɗaya ba ta taɓa ɗauko maganarsa ba. Na ce ban sani ba Mama.

Akwai wani abokinsa na uni da ya taɓa ce mini yana aiki a wani garejin taya a Birmingham, wajen Small Heath, har ya ba ni sunan titin. Wata takwas sunan yana cikin wayata ina jin tsoro. Sai ga Hetal, wata 'yar Indiya da muke aiki tare a pharmacy ɗin Ardwick, tana ta magiya in zo in taya su haɗa katuna a gidan ƙanwar mamanta a Birmingham, wai bikinsu ya matso kuma hannu ya yi kaɗan. Na ce wa Abba zan je taya abokiyar aiki wani aiki. Ban yi ƙarya ba ai.

Hetal ta riga ni tafiya, don haka ni kaɗai na taso ranar Juma'a. Daga Gorton na hau bas zuwa cikin gari, na shiga doguwar bas ta Birmingham. Ta ƙarfe ɗaya ce, ba ta tashi ba sai biyu saura. AC ba ya aiki, ƙofar bayi ba ta rufuwa sai kaɗawa take duk lokacin da direba ya taka birki, kuma kujerata daidai wurin. A kan babbar hanyar M6 muka tsaya cak, ana gyaran hanya, mun fi minti arba'in muna kallon bayan wata tirela.

Matar da ke gefena ce ta cece ni. Babbar mace, ta kai sa'ar Mama, ta yi ɗauri ta rungume wata kula a cinya. Sai na ji ta ɗaga waya tana faɗa da wani da Hausa, irin Hausar Ghana. Da ta ajiye na ce, "Sannu Hajiya." Ta juyo kamar ta ga 'yarta. Mma Hajara sunanta, 'yar zangon Kumasi, ashe ma a Gorton take, layi uku tsakaninmu. Za ta je suna ne. Ta buɗe kular nan, waakye ne da shito, shinkafa da wake da yajinsu na Ghana, ƙamshi ya cika motar har wani Bature ya waigo. Ta miƙo mini cokali.

"Ci. Wurin wa za ka a Birmingham?"

Kowa "ka" ne a wurinta, mace da namiji.

"Wurin yayana."

"Uwa ɗaya?"

"Uwa ɗaya uba ɗaya."

"Me ka riƙe masa?"

Na ce ba komai. Ta ajiye cokali ta dube ni tun daga kai har ƙafa.

"Kai yaran Ingila. Za ka wurin yayanka hannu Rabbana? Ko goro? Yaushe rabonka da shi?"

Na ce shekara uku. Ta gane akwai magana, ba ta tona ba. Sai ta ce, "To ka nemi wani abu ka riƙe. Ko ƙarami ne. Mutum in ya karɓi abu a hannunka ya karɓe ka." Maganar nan ta zauna mini a kai. Ba laifinta ba ne, alheri take nufi, amma daga nan komai ya fara.

Ba boda tsakanin Manchester da Birmingham, ba wanda ya tambaye ni fasfo. Abin da ya fi kama da boda shi ne wurin da direba ya tsaya ya ce minti goma, wanda bai dawo ba ya nemi hanyarsa. Na ruga in yi alwala. Ƙafata tana cikin sink wata tsohuwar Baturiya ta shigo, muka haɗa ido ta madubi, ta ce "Oh" ta koma da baya. Na fito da safa a hannu na tarar mota ta fara motsi, Mma Hajara ta tsaya a bakin ƙofa ta tare, tana zazzaga wa direba masifa da Turanci da Hausa a haɗe. Da ba don ita ba da a nan zan yini.

A tashar Digbeth muka rabu, ta yi mini addu'a mai tsawo. Hetal na jirana da mota. Muka nufi Handsworth ta Soho Road, nan na ga abin da ban taɓa gani ba a Manchester. Kowane shago ya rataye zaruruwa a ƙofa, ja da ruwan gwal, wasu da duwatsu wasu da ɗan madubi, mata sun yi cincirindo suna zaɓa suna ciniki. Kamar Kantin Kwari ana jajibirin Sallah, sai dai nan zare kawai ake rububi.

Ƙanwar maman Hetal, Masi suke ce mata, ni ma na bi. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, tabarau a wuya da igiya, mijinta ya rasu, ita kaɗai a gidan. Tun a ƙofa ta nuna takalmina da yatsa, na cire. Ta kama fuskata da hannu biyu ta ce, "Beta, ba sa ba ki abinci a Manchester?" Beta kamar 'yata ke nan. Duk iyaye mata makaranta ɗaya suka yi, na rantse.

Ɗakin ɗanta ta ba ni, wanda ya koma Canada. Da na tashi yin sallah na buɗe app in duba alƙibla, kibiya ta nuna mini kusurwar da ta jera gumakanta da fitila da furanni. Daidai saitin. Na juya wayar, na girgiza ta, na sake buɗewa, nan dai. Na ɗauki sallaya na fito, na shimfiɗa a saman bene tsakanin ƙofar bayi da injin shara. Masi ta hawo ta gan ni, ta ɗauke injin, ta kashe rediyo. Kwana biyun da na yi, duk lokacin da ta ga na ɗauki sallaya sai ta kashe rediyo.

Abinci kuwa, ku yi mini jaje. Ba nama, ba kifi, ko ƙwai ba ya shiga gidan. Ta kawo wani abu rawaya yanka-yanka mai laushi, dhokla, na ɗauka alale ne na kai baki, sai na ji zaƙi-zaƙi tsami-tsami. Miyar wake ma da sukari a ciki. Wa yake sa sukari a miya? Amma da hannu suke ci kamar mu, kuma in ka ce ka ƙoshi ba a jin ka, kamar mu. Shayinsu dai ba magana, citta da kanumfari da madara, ya fi na mai shayin unguwarmu a Kano.

Asabar tun ƙarfe takwas muka zauna. Teburin cin abinci ya cika da takardu masu kauri kala-kala, almakashi, kwalaben ƙyalƙyali, ƙananan madubai kamar ƙwayar masara, da glue gun guda biyu masu narka gam da zafi. Masi tana yanka, Hetal tana ninkewa tana goge ninkin da wani ɗan ƙashi ya kwanta sumul, ni aka ba ni manna madubi. Kafin ƙarfe tara na ƙona yatsa sau uku. Katina na farko Masi ta ɗaga shi sama, ta sa tabarau, ta cire, ta ce, "Wannan za mu aika wa wanda ba ma so." Hetal har da faɗuwa daga kujera.

Muna yi Masi tana ba ni bayani. Rakhi suke ce wa bikin, zaren ma sunansa ke nan. Ranar, kowace mace za ta je wurin ɗan'uwanta namiji, ta ɗiga masa jan gari a goshi ta manna ƙwayar shinkafa a kai, ta ɗaura masa zaren a hannun dama, ta sa masa alewa a baki. Shi kuma ya ba ta kyauta, ya yi alƙawarin zai tsaya mata duk rintsi. To wadda nata ɗan'uwan yake nesa, Indiya ko Kenya ko Canada, ita ake yi wa katin. A cikin kowanne ana maƙala zare ɗaya, da ƙananan ƙulli biyu a leda, ɗaya jan garin ɗaya shinkafar, a sa a ambulan a aika. Matan unguwar duk wurin Masi suke zuwa, sun ce na shago ba shi da rai.

Ta tambaye ni mu wace rana muke da ita. Na yi tunani na ce ba mu da ita. A gidanmu in yayanka yana son ka sai ya ranƙwashe ka a kai ya ce kawo mini ruwa. In ya kai maƙura ya bar maka ragowar namansa. Ba mai cewa komai da baki, abin kunya ne. Masi ta ce, "To in kun yi faɗa fa, da me kuke shiryawa?" Na ce sai dai a wayi gari a ci gaba da magana kamar ba a yi ba. Ta ce, "In ba a wayi garin a gida ɗaya ba fa?" Na ci gaba da manna madubi.

Wajen azahar na ga ta ware wani kati gefe tana yi masa aiki a hankali, ba ta bari mu taɓa. Hetal ta raɗa mini na ƙanenta ne da ke Nairobi, sun ɓata tun rasuwar mahaifiyarsu, duk shekara tana aikawa, bai taɓa amsawa ba. Na kasa haƙuri na ce, "Masi, yana buɗewa kuwa?" Ta ce, "Ban sani ba beta. Nawa aikawa ne."

A nan ne na fashe da kuka a kan takardun mutane, har na jiƙa guda biyu. Na ba su labarin duka. Masi ta tashi ta ɗauko koriyar takarda, mafi kaurin ciki, ta ajiye a gabana ta ce, "Yi masa. Naki yayan mota ɗaya ce tsakaninku, ba jirgi ba."

Fati, na san me za ki ce, abin addinin wasu ne, ni ma na faɗa wa kaina. Amma na ɗauke shi kamar katin birthday ne, takarda da gam. Ga maganar Mma Hajara tana yi mini yawo a ka. Awa biyu na yi a kansa, kuma ya yi kyau, shi ne koren nan da kuka yi ta yabawa a status. Cikin ne ya gagare ni. Me ake rubuta wa yaya? Na rubuta na yaga sau huɗu, a ƙarshe na bar "Yaya ka yi haƙuri" kawai. Masi ta tambayi sunansa, ta ɗauki biro mai ruwan gwal ta zana shi a gaban katin da rubutunsu na Gujarati, don ado. Ta zaɓo jan zare mai ƙulli-ƙulli ta maƙala, ta manna ƙullin garin da na shinkafar. Na ce anya, a bar waɗannan. Ta ce ba a ba da kati tsirara, ko bai shafa ba su tafi tare. Ta ce in ɗaura masa da hannuna, kuma kada ya cire, a bar shi ya tsinke don kansa. Da yamma ta jera katunan gaban fitilarta tana addu'arsu, na zare nawa tun kafin ta fara na sa a jaka. Amma gidan gaba ɗaya turaren tsinke yake, har kayan jikina.

Lahadi da hantsi Hetal ta sauke ni a bakin titin. Garejin taya uku ne a jere. A na biyu na gan shi yana gangaro da taya da hannu ɗaya. Ya tara gemu, ya yi ƙiba, hannunsa baƙi ƙirin da mai. Ya ɗago ya gan ni, tayar ta tafi ita kaɗai ta bugi bango.

"Auta."

Na durƙusa a nan cikin man mota, gaban samarin Pakistan ɗin da suke aiki tare. "Yaya ina kwana."

"Tashi dalla, kina tara mini mutane. Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu."

Ya sauke numfashi. Ya shiga ciki ya yi magana da maigidansa, ya wanke hannu, ya ce mu je. Wani gidan abincin 'yan Yemen ya kai ni a bayan layin, aka kawo shinkafa da naman rago a tire ɗaya. Kwana biyu ban ga nama ba, na manta da kunya na duƙufa. Ya tsaya yana kallona.

"Har yanzu kina ci kamar za a ƙwace."

"Yaya gidan da na sauka ko ƙwai ba sa ci."

"Allah ya ƙara. Bar mini ƙashin nan, ɓarauniya."

Wallahi kamar jiya muka rabu. Na fara cewa Yaya maganar nan ta wancan lokacin, ya ɗaga hannu ya ce in bar ta. Sai na gaya masa na Mama. Ya daina ci. Ya shiga jero tambayoyi, valve ne ko bypass, wane magani take sha, ya numfashinta in ta kwanta, ƙafarta tana kumbura. Bai manta komai ba, ya fi ni sanin abin da ke damunta. Na ce masa ta yi cigiyarsa.

"Da bakinta?"

"Ta ce ko yayanki ya sani."

Ya juya yana kallon titi. Sannan ya ce, "Alhamis ƙarfe nawa?"

"Bakwai na safe za su shiga da ita."

"Abba yana wurin kullum?"

"Da yamma yake zuwa."

"Zan zo Laraba in na tashi aiki. In gan ta in fito. Ba zan gaishe shi ba, kada ma ki fara."

"Ba sai ka gaishe shi ba."

Ya karɓi wayata ya sa lambarsa da kansa. Ya yi saving da "Yaya", ya miƙo mini.

Da a nan na tashi na yi masa sallama, da yanzu wani labarin nake ba ku. Ya riga ya ce zai zo. Ba abin da ya rage. Amma murna ta ɗebe ni, na ce Yaya na riƙo maka wani abu, na zaro ambulan.

Yana murmushi ya karɓa. "Yau kuma? Auta da kyauta?" Ya zaro katin, ya tsaya a kan rubutun gwal ɗin. Ya kai hanci ya shinshina. Ya buɗe. Ashe ledar jan garin ta fashe a jaka, garin ya zubo masa a yatsu, ya zuba a kan ragowar shinkafarmu. Ƙullin shinkafar ya faɗo tebur. Ni kuma, shashasha, na ciro zaren na kamo hannunsa na dama.

Ya fizge har kofin ruwa ya kife.

"Mene ne wannan?"

"Zare ne kawai Yaya, ɗaura maka zan yi."

"Wa ya ba ki?"

"Wata tsohuwa ce, a gidanta na sauka."

"Wannan rubutun fa?"

"Sunanka ne."

"Ita ta tambaye ki sunana?"

"E, amma..."

"Me ta ce ki yi da shi?"

Ina jin bakina yana faɗa, ina jin yadda maganar take fita, na kasa tsayar da ita. "Ta ce in ɗaura maka da hannuna. Kada ka cire sai ya tsinke da kansa."

Ya dube ni. Ban taɓa ganin wannan kallon a fuskarsa ba, ko ranar da Abba ya kore shi.

"Kiranye kuka yi mini."

Sai a lokacin na ga abin da yake gani. Jan gari a ƙulle, ƙwayar hatsi a ƙulle, zare mai ƙulli, sunansa da rubutun da ba ya iya karantawa, ƙamshin turare, tsohuwa ta ce kada a cire. Ko ni aka kawo wa haka a Kano da gudu zan bar wurin. Duk mun taso muna jin labarin wanda ya ƙi gida shekara da shekaru aka yi masa kiranye ya dawo ba ko takalmi.

Na ce wallahi tallahi ba haka ba ne, bikin Indiyawa ne, na 'yan'uwa, ka duba a waya yanzu, duk Soho Road shi ake sayarwa, kai ma kana gani. Ya ce ya sani, yana gani duk shekara, kuma wannan ne ya sa aka zaɓe shi don kada ya gane. Ya ce, "Ta yi karatu a kai?" Na ce a'a, na cire nawa kafin ta fara. Ya ce, "Kafin ta fara me?"

Kowace gaskiya na faɗa sai ta ƙara nutsar da ni.

Sai ya yi ƙasa da murya, kamar da kansa yake magana. "Shi ya sa. Kwana uku ke nan ina mafarkin Mama. Jiya har na duba kuɗin jirgin ƙasa zuwa Manchester, ban san dalili ba. Ina ta cewa me ya same ni. Ashe aiki ake yi a kaina."

"Yaya jiya da rana na haɗa katin nan. Mafarkinka ya riga shi. Kewarta kake yi, shi ke nan."

"Mama ce ta aiko ki ko Abba?"

"Ba wanda ya san na zo. Na rantse da Allah."

"Wancan karon ma kin rantse."

Na saki zaren a kan tebur.

Ya tashi ya je sink ɗin da ke kusurwa, ya wanke hannu da sabulu sau uku, bakinsa yana motsi yana karanta Falaƙi da Nasi. A kaina yake neman tsari. Ya yi magana da mai wurin, ya fita, bai waiwayo ba. Na bi shi gareji, maigidan ya ce ya ɗauki motarsa ya tafi. Na kira lambar, ta yi ƙara sau biyu aka kashe. Na tura masa hotunan teburin Masi, da katuna sama da hamsin iri ɗaya, da bidiyon Hetal tana ninki. Ya buɗe na farko. Daga nan hotonsa ya ɓace, saƙona ya koma tick ɗaya.

Da na koma ɗaukar jakar kayana Masi tana bakin ƙofa tana jira. "Ya ɗaura?" Na girgiza kai. Ban iya gaya mata abin da ya ɗauke ta ba, matar da take kashe mini rediyo. Na ce bai shirya ba ne. Ta ce, "Baɗi." Ta cusa mini dhokla a leda. Ban ce mata ba mu da baɗi ba, Alhamis muke da ita.

Motar dawowa ba abin da zan ce a kanta. Ta tashi a kan lokaci, AC yana aiki, kujerar gefena ba kowa.

Litinin da safe na je wurin Mama kafin shift. Na yi niyyar in yi shiru, ta dube ni sau ɗaya ta ce, "Ina kika je?" Kun san ni da riƙe magana. Na faɗa mata duka, har cewar da ya yi zai zo Laraba, har wankin hannun.

Ta ce, "Ya rame?"

Na ce ya yi ƙiba, ya tara gemu.

Ta ce alhamdulillahi. Can sai ta fara dariya, tana yi tana tari har nurse ta leƙo. Mama da ko rubutun sha ba ta yarda a kawo mata gida. Ta share ido ta ce, "Kiranye. Da na san yana ci, ai da tuni na yi."

Yau Laraba. Tun azahar ta ce a cire mata rigar asibiti, na ɗaura mata atamfa, ta sa kwalli. Abba ya zo ƙarfe huɗu, biyar da rabi ta ce masa, "Alhaji je ka huta, gobe sammako ne." Bai gane ba, ya tafi. Na ce Mama ya yi blocking ɗina fa, ba zai zo ba. Ta ce ta ji. Ta ce in fita in zauna a corridor saitin lift, wai ward ɗin yana da ruɗani, kada ya zo ya wuce ɗakin.

Ƙarfe takwas suke sallamar masu dubiya. Yanzu bakwai saura kwata. Ina zaune.